Zauren Makanike: Kafin ka sayi sabon sensa, a auna tsohon

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin da suka taru mini a wannan watan kusan duk bakinsu ɗaya, maganar sensa, wato 'yan na'urorin da ke jin abin da ke faruwa a jikin mashin su aika da saƙo, don haka na tsinci huɗu na haɗa su wuri guda. Waɗanda suka yi tambaya a kan sarƙa da kuloci su yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Oga, ni ɗan acaɓa ne, ina da Boxer, ranar Lahadi nakan yi jigila tsakanin ƙauyenmu da kasuwar Gujungu. Da safe bugu ɗaya yake tashi. Amma in rana ta take, na yi tafiyar kamar rabin awa, sai ya fara shessheƙa ya mutu. In na tura shi inuwa ya huce sai ya tashi kamar ba shi ba. Na canza fulogi sau biyu, na canza CDI, an wanke kafireta, duk a banza. Wani ya ce sensa ne, wani ya ce mashin mai kafireta ba shi da sensa. Wa zan bi? Daga wani matashi a ƙaramar hukumar Taura.

AMSA: Ƙanena, sannu da ɗawainiya. Kuɗin fulogi biyu da CDI ba ƙaramin abu ba ne ga mai neman na cefane. Wanda ya ce maka sensa ne ya fi kusa da gaskiya. Mashin mai kafireta yana da sensa, sai dai mu a gareji ba haka muke kiransa ba, fikof muke cewa.

In aka kwance murfin inji ta ɓangaren magnito, za ka ga wani ɗan baƙin abu da bai wuce kan babban yatsa ba, an ɗaure shi dab da bakin faifan magniton. Cikinsa ɗan maganaɗisu ne, an naɗe shi da wayar tagulla siririya kamar gashi, naɗi ɗaruruwa. Shi kuma faifan, shafa bayansa da hannu, za ka ji wani ɗan tudun ƙarfe. Duk zagaye ɗaya sai tudun nan ya gifta ta gaban fikof, giftawar ta motsa ƙarfin maganaɗisun, sai wayar ta haifar da 'yar wuta. Wutar ba ta da ƙarfin ƙona komai. Saƙo ce kawai zuwa ga CDI, ɗan akwatin da ke tara wuta ya sake ta a kan lokaci, cewa fistin ya kusa kai ƙarshen hawansa, lokacin sakin wuta ya yi. CDI ya saki abin da ya tara zuwa koyil, koyil ya ninninka shi zuwa dubban bolt, fulogi ya yi tartsatsi, mai ya kama. Idan injinka yana zagaye 4,000 a minti ɗaya, saƙon nan yana zuwa fiye da sau 66 a kowace daƙiƙa. Wani Bature ɗan Ingila, Michael Faraday, shi ya gano a 1831 cewa maganaɗisu in ya motsa kusa da naɗaɗɗiyar waya yana haifar da lantarki, kuma a kan wannan ilimin janareton da ke cajin waya a ƙauyenku yake aiki.

To me ya haɗa shi da zafi? Siririyar wayar nan takan tsinke a ciki, amma bakin biyun suna manne da juna. Da sanyin safiya suna taɓa juna, saƙo yana wucewa. In inji ya ɗauki zafi, ga rana irin ta watan Afrilu da ke haura digiri 40 a Jigawa, sai komai ya ɗan buɗe, bakin wayar ya rabu, CDI ya daina jin komai. Ya huce, ya sake haɗuwa. Abin da kake gani ke nan, in dai fikof ne.

Na ce in dai, domin akwai wasu abubuwa uku da ke kawo irin wannan ciwon: koyil mai rauni, bawul da aka matse da yawa, da murfin tanki da hancinsa ya toshe. Kai da kanka za ka iya raba gardamar a bakin hanya. Ka riƙa tafiya da sifanar fulogi. Da ya mutu, kada ka jira ya huce. Fara buɗe murfin tanki, in ka ji ya ja iska fuu kuma mashin ya tashi, murfin ne. In bai tashi ba, rufe tankin, cire fulogi, mayar masa da hularsa, ɗora gindinsa a jikin inji, riƙe ta wajen roba, sa wani ya buga maka kik. Ka tabbata babu fetur da ya zuba a wurin. In ka ga tartsatsi shuɗi mai ƙarfi, rabu da ɓangaren wuta, a duba bawul. In babu tartsatsi ko kaɗan, sai ka nufi wajen rewaya mai mita, wato na'urar auna wuta.

A bazarar bara wani dattijo ya turo mini mashinsa rumfata a nan Ringim, buhun riɗi biyu a baya, ya fito daga hanyar Maigatari. Labarinsa ɗaya da naka, har CDI biyu ya saya. Na cire fikof ɗin na ɗora a mita, ya nuna om ɗari da wani abu, lafiya ƙalau (om shi ne ma'aunin yadda waya ke tare wuta). Sai na aiki yarona wajen mai shayin da ke maƙwabtaka da mu ya karɓo ruwan zafi a kofi. Na tsoma kan fikof ɗin a ciki, wayoyin suna maƙale da mita, dattijon ya sunkuyo yana kallo. Ba a yi minti biyu ba lambar ta fara rawa, sai ta ɓace gaba ɗaya. Na ciro shi na ajiye a kan benci, da ya sha iska lambar ta dawo. Dattijon ya daɗe yana jujjuya abin a tafin hannunsa, ya ce, “Wannan ɗan mitsitsin ne ya hana ni cin kasuwa uku?” Shi ne kuwa.

Fikof na ƙananan mashina galibi yana nuna tsakanin om 50 da 300, kowane kamfani da nasa, don haka abin da ya fi shi ne a kwatanta da na lafiyayyen mashin irin naka. Kuma kafin a ce ya mutu, a share masa kai, domin maganaɗisu ne, garin ƙarfe yana liƙe masa. A duba tazarar da ke tsakaninsa da tudun, kada ta kai milimita ɗaya. A bi wayarsa har inda ta fito daga jikin inji, nan ne ta fi gogewa.

TAMBAYA: Malam, na sayi babur na hannu mai injekta a wurin wani ɗan'uwana a Kano, saboda an ce ba ya shan mai. Wata uku na ji daɗinsa. Yanzu zuƙar mai yake yi, fulogi ya yi baƙi ƙirin, kuma wata fitila ruwan ɗorawa tana kamawa tana mutuwa a gaban mita. Mai gyaran garinmu ya ce a cire kayan injektan a sa kafireta a huta. In yarda? Daga wani malamin firamare, Jahun.

AMSA: Malam, Allah ya ƙara basira. Kada ka yarda tukuna. Ban ga laifin ɗan'uwana mai gyara ba, abin da hannunsa ya saba da shi ya faɗa maka, amma shawarar za ta ci maka kuɗi sau biyu. A irin wannan babur akwai wata 'yar na'ura mai ƙwaƙwalwa, ita ke ba da mai, ita ce kuma ke ba da wuta. In an cire ta sai an nemo CDI, sau da yawa har magnito, a toshe famfon tanki, a yayyanka wayoyi. Bayan duk wannan, tsimin man da ka sayi babur ɗin dominsa ya tafi, alhali tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda lita take.

Ga yadda abin yake. Fetur yana ƙonewa tsaf ne in an haɗa awo ɗaya nasa da awo 14.7 na iska, a ma'aunin nauyi. Kafireta tana kintatar wannan haɗin ne da 'yan ramukanta, yau ta dace gobe ta kuskure. Mai injekta kuwa yana da ƙwaƙwalwa, wadda 'yan gareji ke ce wa birenbos, ita ke lissafa tsawon lokacin da za a buɗe bakin injekta, mai fesa wa inji fetur, a kowane bugu. Amma ita ba ta gani, ba ta ji. Kamar dagaci take a zaure, bai je gona ba, abin da 'yan aike suka kawo masa da shi yake yanke hukunci. 'Yan aiken nan su ne sensa. In ɗaya ya kawo labarin da ba haka ba, hukuncin zai fito a karkace ko da dagacin adali ne.

Akwai na totur, yana maƙale a bakin maƙogwaron iska. Ƙwaƙwalwa tana ba shi bolt 5, shi kuma yana mayar mata da kusan rabin bolt in ka saki totur, ya haura 4 in ka murɗe shi duka. Akwai na auna ƙarfin zuƙar iska da na auna zafinta, a ƙananan babura sau da yawa su uku suna cikin gida ɗaya. Akwai ɗan'uwan fikof mai ƙirga zagayen inji. Sai biyun da nake zargi a naka.

Na farko shi ne na zafin inji, an ɗaura shi a kan silinda ko wajen da baƙin mai ke bi. Cikinsa wani ɗan ƙwaya ne da ke tare wuta sosai in yana da sanyi, ya sakar mata hanya in ya ji zafi. Irin wanda aka fi amfani da shi yana nuna om 2,000 zuwa 3,000 a digiri 20, ya sauko wajen 300 a digiri 80. Yanzu ka duba: in soket ɗinsa ya yi tsatsa, ko ƙura da danshi sun shiga, tsatsar ma tana tare wuta. Sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka har yanzu asubahin hunturu ne, ta yi ta ƙara mai, daidai da mutumin da ya ja cok ya manta bai mayar ba tun daga Jahun har Dutse. Fulogi ya yi baƙi, tanki ya ƙare. In kuma wayar tana katsewa tana haɗuwa saboda jijjigar hanya, fitilar nan za ta riƙa kamawa tana mutuwa. Alamomin da ka lissafa duk sun zauna a kan wannan, kuma sau da yawa sensan lafiyarsa lau, soket ɗin ne kawai ke son wanki da matsewa.

Na biyu yana jikin salansa, kusa da inda ta fito daga inji, kamarsa ɗaya da ɗan fulogi mai waya. Shi hayaƙi yake shinshinawa. In iskar oksijin ta yi saura da yawa a hayaƙin, wato mai ya yi kaɗan, sai ya ba da kusan bolt 0.1. In mai ya yi yawa ya ba da kusan 0.9. Ƙwaƙwalwa tana jin haka tana gyara haɗi, ta ƙara ta rage, ba hutawa. Ba ya fara aiki sai ya kai zafin digiri 300 ko fiye. Kamfanin Bosch na Jamus ne ya fito da shi a motoci a 1976. Baƙin hayaƙi yana toshe shi, haka ma injin da ke cin baƙin mai, kuma in salansa ta huje a gabansa iskar waje takan shiga ta ruɗe shi ya ce a ƙara mai.

Fitilar da ta dame ka kuwa magana take yi, a ƙirga ƙiftawarta. A tsarin Honda, doguwar ƙiftawa goma ce, gajera ɗaya ce. Gajeru bakwai na nufin sensan zafin inji, takwas na totur, dogaye biyu da gajera ɗaya, wato 21, na salansa. Sauran kamfanoni kowa da lissafinsa, yana cikin littafin babur ɗin, ka tambayi ɗan'uwan naka ko yana wurinsa.

Kafin a taɓa ko wane sensa, a fara da batir. Lafiyayye yana nuna kusan bolt 12.6 a kashe, 13.5 zuwa 14.5 in inji yana aiki. A nan karkara mun saba cire batirin babur mu kunna fitila a ɗaki, mu ci gaba da tashinsa da kik. Mai injekta ba ya son wannan, batir mai rauni shi kaɗai yana sa sensa lafiyayye ya ba da lissafin banza. Sai mai. Na san gidan mai ya yi wa wasunmu nisa, dole sai 'yan bumburutu, to a tace da ƙyalle mai tsabta, domin ramukan injekta sun fi bakin allura ƙanƙanta. Kada a bari tanki ya ƙafe, famfon da ke cikinsa da fetur ɗin yake hucewa. Abu na ƙarshe, tunda hanyoyinku yashi ne: da yawan irin wannan babur suna da sensan faɗuwa, in ya kwanta sai ya yanke mai don kada gobara ta tashi. In ka ɗaga shi ya ƙi tashi, kashe makulli ka sake kunnawa, ba lalacewa ya yi ba.

Ga 'yan'uwana masu gyara kuma ina da magana. Tun 1980 Kawasaki ya fitar da babur mai injekta, amma a da sai manya. Daga 1 ga Afrilun 2020 Indiya ta tsaurara dokar hayaƙi, har ta kai ƙananan baburan da ake sayarwa a can yawancinsu suka koma injekta, kuma kowa ya san daga Indiya Bajaj da TVS suke. Abin yana tafe. Mitar auna wuta ba ta kai kuɗin taya ɗaya ba. Duk yaron da ke rumfata sai ya iya auna om da bolt kafin in bar shi ya kwance inji, saboda ba na son ranar da za a kawo masa aiki ya rasa abin yi sai yanka waya.

TAMBAYA: Ina da roba-roba da nake zuwa aikin rigakafi da ita ƙauyuka. Allurar mai kullum tana kan cike, sau biyu mai yana ƙare mini a daji. Daga wata ma'aikaciyar lafiya, Garki.

AMSA: Malama, Allah ya saka da alheri a kan wannan aiki. Naki mai sauƙi ne. A cikin tanki akwai ɗan fulot mai iyo a kan fetur, da hannun waya da ke gogar wani ɗan faranti. Mai ya sauka, fulot ya sauka, allura ta bi shi. Ko dai hannun ya maƙale a sama saboda tsatsa ko lanƙwasa, ko wayarsa ta goge tana taɓa jikin babur. A ɗaga kujera, a zare soket ɗin da ke kan tankin, a kunna makulli. In allurar ta motsa daga inda ta kafe, laifin yana cikin tanki, a ciro fulot ɗin a wanke ko a canza. In ba ta motsa ba, a bi waya zuwa mitar gaban babur. Wanda zai yi aikin ya nisanci wuta da sigari. Kafin a gyara, ki riƙa leƙa tankin da idonki duk safiya.

TAMBAYA: Baba, na sayi babur mai caji, ina cajinsa da sola. Da damina na ratsa ruwa da shi a hanyar Auyo, ruwan ya kai rabin taya. Tun daga nan in na murɗa totur sai ya yi gurnani yana fizga, sai na tura shi da ƙafa kafin ya ɗauka. An ce in sayi sabuwar tayar baya gaba ɗaya. Daga wani mai shagon caji, Hadejia.

AMSA: Ɗana, riƙe kuɗinka tukuna. Injin babur ɗinka yana cikin cibiyar tayar baya: maganaɗisai jere a jikin gangar da ke juyawa, naɗin waya kashi uku a tsakiya. Akwatin da ke rarraba wuta, kwanturola, dole ya san inda maganaɗisan suke kafin ya san wane naɗi zai ba wuta. Masu gaya masa wasu 'yan sensa ne guda uku, kowanne bai fi ƙwayar shinkafa biyu ba, ana kiransu Hall, sunan Ba'amurken da ya gano dabarar a 1879, Edwin Hall. Bambancinsu da fikof shi ne, fikof sai ƙarfe ya gifta da gudu yake magana, su kuwa ko taya tana tsaye cik suna jin maganaɗisun da ke gabansu. Shi ya sa babur mai caji yake iya tashi daga tsaye. In ɗaya ya yi shiru, kwanturola ya rasa inda zai fara, sai gurnani da fizga, in ka tura ya ɗan samu hanya. Abin da ka kwatanta ke nan.

Bi wayar da ta fito daga gatarin taya. Za ka ga masu kauri uku, su ne na wuta, da sirara biyar a soket ɗaya, galibi ja, baƙa, rawaya, koriya da shuɗiya. Fara da soket ɗin nan. Kashe makulli, zare shi, duba ko ya yi kore ko akwai laka, wanke shi da ɗan burushi, shanya shi ya bushe sarai. A cikin irin wannan aikin da ake kawo mini bayan damina, da dama a nan suke ƙarewa.

In bai warke ba, ɗaga tayar baya, mayar da soket, kunna makulli. Tsakanin ja da baƙa mita ta nuna kusan bolt 5. Sai a bar baƙin tsinken mita a kan baƙar waya, a ɗora jan a kan rawaya, a juya taya a hankali da hannu. Lambar ta riƙa tsalle, sifili, kusan 5, sifili, kusan 5. A yi wa koriya da shuɗiya haka. Wadda ta tsaya wuri ɗaya ba ta motsi, sensanta ne ya mutu. Ana buɗe murfin cibiyar a canza shi da dalma, kuma tunda an buɗe gara a canza ukun, a shanya cikin, a duba boris, a shafe bakin murfin da gam kafin a rufe. Wurin da waya ta shiga gatari nan ruwa ya fi bi, a lanƙwasa wayar ta yi ƙasa kafin ta shiga, yadda ruwa zai ɗiga ƙasa maimakon ya gangara ciki.

Kada hannunka ya je kan manyan wayoyin batir, bolt 60 ko 72 ne a yawancinsu, kuma in sifana ta haɗa su tana iya narkewa. In a Hadejia ba ka samu mai wannan aikin ba, masu gyaran inbata da kayan sola sun iya riƙe dalma, kai musu tayar tare da wannan shafin.